Ka Tauna Riɗin Kafin Ya Hau Jirgi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga yayan su Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uwa. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da sharrin hanya da sharrin mutum, ya sa duk inda ka taka a yi murna da zuwanka. Na san za ka yi dariya. Ga ɗakinka ga nawa a gida ɗaya a nan Wakra kusa da Doha, bango ne kawai tsakaninmu, amma sai da na nemi biro da takarda. To yi dariyarka ka gama. Abin da zan faɗa bakina ba zai iya ɗauka ba, kuma ka san dalili.

Ƙanwarka Hauwa ce ta tsegunta mini jiya muna yanka albasa. Ta ce za ka ba mutanen Gujarat haƙuri, ba za ka karɓi aikinsu ba. Wai ranar da ka shigo kicin ka ce an ɗauke ka, ban juyo ba, na ce "Allah ya sa alheri" ina ta juya miya, daga nan ka gane raina bai so ba. Ta ce kuma suna jiran amsarka kafin makon nan ya fita. Sai da na ajiye wuƙar da ke hannuna. Yaron da ya gama jami'a, wanda Indiyawa suka yarda ya riƙa duba musu riɗi kafin a loda shi a jirgin ruwa zuwa Koriya, ashe bai iya karanta bayan uwarsa ba? To zauna. Kada ka aika wa kowa amsa sai ka kai ƙarshen takardar nan. Yawancin abin da zan ba ka labari a gabanka aka yi, amma ta gefenka ka gani, yau ka ji ta gefena.

Ni 'yar Maigatari ce, a cikin riɗi na buɗe ido. Kakanka yana noma shi, mu mata mu kaɗe, mu sheƙe, mu rege tsakuwa har yatsunmu su yi fari. Ranar kasuwa dillalai su zo su kwashe, a ce wasu Indiyawa suke saya wa. Na taɓa tambayar kakanka ina ake kai shi haka, ya ce mini "teku". Iyakar amsar ke nan, shi ma iyakar saninsa ke nan. Da Abbanku ya sami aikin gas muka dawo Doha, na ɗauka ni da riɗi mun rabu, sai dai ɗan kantun da nake muku in marmari ya taso.

Sai ga korona, aka kulle kowa a gida, azumi ya same mu a kulle. Ka tuna ƙofar da ke kallon tamu, ta mutanen Koriya, mijin injiniya ne kamar Abbanku. Mun daɗe muna maƙwabtaka, gaisuwa ba ta wuce ɗaga hannu ba. Ran nan na yi kantu, na ce kunya ce mu ci maƙwabci yana jin ƙamshi, na sa Hauwa ta ajiye musu a bakin ƙofa ta danna ƙararrawa ta gudo. Washegari kwanona ya dawo, kuma bai dawo haka nan ba, an cika shi da wata wainar kayan lambu. Nan na fara ganin mutuncin matar. Na ce ashe su ma ba sa mayar da kwano wayam.

Da yamma ta tsaya a ƙofarta da takunkumi a fuska, ni ma na tsaya a tawa, muka yi ta gwama ɗan Turancinmu da nuni da hannu. Tambayarta ɗaya, a ina na sami riɗi mai kyau haka? Man riɗin da mahaifiyarta ke aiko mata daga gida ya ƙare, hanya ta rufe, na kanti kuma ta ce ba shi da rai. Mutanen nan, abinci ba man riɗi kamar miyarmu ce ba daddawa. Na ce mata in dai riɗi ne ta kwantar da hankalinta, ta zo gidansa. Na tambayi sunanta, ta ce a can ba a cika kiran matar aure da sunanta ba, da sunan babban ɗanta ake kiranta, don haka ita Maman Jun ce. Na ce mu ma haka, ni Maman Hauwa ce.

Ga kuskurena na farko. Na wanke riɗi, na shanya, na soya shi sama-sama yadda muke yi, na niƙa, na matse. Mai ya fito garau, ni kaina sai da na yaba wa kaina. Ta karɓa da hannu biyu, ta sunkuya, ta sansana, ta yi godiya. Da aka sassauta kulle sai ta roƙi in bar ta ta shigo kicin ɗina. Ta ɗora riɗi a wuta ta yi ta juyawa, ya yi ja, ta ci gaba, ya fara komawa ruwan ƙasa, ba ta sauke ba. Saura kaɗan in fizge ludayin, a raina ina cewa wannan mata za ta ƙona mini abinci a gidana. Da aka matse, ƙamshin ya cika benen nan har Abbanku ya fito yana tambayar me ake dafawa. Ni da nake taƙama a cikin riɗi aka haife ni, ranar aka koya mini suya. Don haka in ka je, kada sanin kaya ya ruɗe ka ka ɗauka ka san mai saye. Ka tambayi mutanen Busan, garin Koriya da jirgin zai sauke riɗin, me za su yi da shi, mai za su matsa ko barbaɗawa za su yi a abinci, wane launi suke so, wane ƙamshi. Ka tambaya ko da kana ganin ka san amsa, kuma ka sake tambaya in shekara ta juyo.

Riɗin nan a unguwar Mansura nake saye, a shagon Jayesh, Ba'indiyen nan ɗan Gujarat da kuke ce wa Kawu, wanda yayansa ke da wurin gyaran riɗi a can gida, yayan nan nasa kuwa shi ne mutumin da yanzu yake nemanka. Na ce bari in haɗa shi da Maman Jun ta riƙa saye da kanta. Kai ka tuƙa mu, amma ka tsaya neman wurin ajiye mota, shi ya sa ba ka ga abin kunyar da na yi ba. Muna shiga Jayesh ya aika a kawo shayi, ya shiga tambaya, ina maigida, ina yara, ina mutanen Najeriya, an yi ruwa a can? Ita kuwa sai duba agogo take, tana ce mini a hankali, "Bali-bali," wato maza-maza, kalmar da ba ta rabuwa da bakinsu. Ya faɗi farashi. Na riƙe baki, na ce, "Haba Jayesh, zinariya kake sayarwa?" Na yi tayi, ya dafe ƙirji ya ce na kashe shi. Na ja mayafina na fice, kamar yadda ake yi a kasuwar garinmu, ina tafiya a hankali ina jiran ya kira ni.

Shiru ba a kira ni ba. Na leƙo, sai na ga Maman Jun ta biya abin da ya fara faɗa, tana ta sunkuyawa tana ba shi haƙuri a madadina, ta ɗauka faɗa muka yi. Jayesh kuwa ya tsaya baki buɗe, ya dube ni ya ce, "Mama, wannan wace irin ƙawa kika kawo mini? Ko farawa ba mu yi ba ta ce khalas, an gama!" Ransa bai yi daɗi ba, don an hana shi ciniki. Sai da ya ɗebo mata gyara mai yawa sannan hankalinsa ya kwanta. Laifina ne, ban gaya wa kowannensu halin ɗan'uwansa ba kafin in haɗa su. Kai da za ka zauna a tsakaninsu, wannan shi ne rabin aikinka. Mutumin Gujarat, in ba ka zauna ka sha shayinsa ka tambayi lafiyar tsohuwarsa ba, ba ku fara magana ba, kuma farashinsa na farko buɗe hira ne. Mutumin Koriya kuwa, in ka ce masa Talata, to Talata ya ji, ba Laraba da safe ba. Ka zauna da wancan har shayi ya huce, ka riga wannan isa wurin alkawari. Kuma ko da wasa kada ka yi wa ɗaya dariyar ɗayan, don ranar da suka shirya kai za su tuna da abin da ka faɗa.

Yanzu ga babban, wanda saboda shi na ɗauki biro. Ƙanin Maman Jun yana da ɗan gidan abinci a unguwar Al-Sadd. Da gasar kofin duniya ta matso, ya san mutanensu za su cika gari, ya sayo ƙaramin injin matsar mai daga can gida, ya ce riɗin Jayesh zai riƙa saye buhu-buhu, amma da sharaɗin ni zan zaɓa. Wai haƙorina ya yarda da shi. Ba zan ɓoye maka ba, kaina ya kumbura. In na shiga shagon nan har wani taku nake yi, in ɗebi riɗi in murza a tafin hannu, in sansana, in tauna, Ba'indiye da Bakoriye sun zuba mini ido suna jiran hukunci.

Ka kuma san abin da Jayesh ya yi mana lokacin da cutar ta kama Abbanku aka killace mu. Tun daga Mansura har Wakra mutumin nan ya riƙa turo shinkafa da gari da lemon tsami a ajiye a ƙofarmu, ba mu roƙe shi ba. Wanda ya yi maka haka, da wane ido za ka dube shi ka kushe kayansa?

To sai aka kawo wasu buhuna da suka daɗe a hanya. Ido bai ga komai ba, fari tas. Na jefa a baki, na tauna, sai na ji wani maƙaƙi a can ƙarshen maƙogwaro. Danshi ya taɓa shi. Na sani sarai, tun ina yarinya na san wannan ɗanɗanon. Jayesh yana murmushi ya ce, "Mama, lamba ɗaya ne ko?" Na tuna shinkafar nan a bakin ƙofa, na haɗiye maƙaƙin, na ce, "Allah ya amfana." A raina na ce zan gyara abina a ɓoye, in karɓo in wanke in shanya a rana, ba wanda zai ji kunya. Na wanke, na shanya, na sake wankewa. Abin da ya shiga cikin ƙwaya ruwa ba ya fitar da shi. Mai ya fito da ɗaci.

Ka ga inda abin ya lalace? Ƙanin Maman Jun bai ce uffan ba, don kada ya kunyata ƙawar yayarsa. Maman Jun ta ci gaba da gaishe ni da fara'a, ita ma ba ta ce komai ba. Suka jera kwalaben a gefe, suka fara neman inda za su sayi riɗin wata ƙasa. Jayesh ya ga an daina zuwa, ya ɗauka raina shi aka yi, har yana ce maka mutanen nan ba su san zumunci ba. Ni kuma da na ƙulla abin ina gida ina ta kawaici. Mutum uku masu kunya, kowa yana kare fuskar wani, cinikin da aka gina da daɗin rai yana mutuwa a tsakaninmu, ga gasa ta ƙarato.

Kai ka gano. Ka je cin abinci Al-Sadd ka ga kwalabe a jere ba a taɓa ba, ka tambaya, ka ɗanɗana. Ka dawo ka same ni ina ninke kaya, ka ce, "Umma, tun ranar farko kin ji riɗin nan ba daidai yake ba ko?" Na ce, "Ba a yi wa mai alheri haka." Sai ka ce, "Umma, shi fa bai sani ba. Yana can yana sayar wa wasu." Na ci gaba da ninke kayana. Ka ɗauki makullin mota ka ce, "Yalla, mu tafi, ɗauko mayafinki." Ban san me ya sa na bi ka ba, don ban saba ɗa ya ba ni umarni ba.

Na iske ka riga ka kira Maman Jun da ƙaninta. Abin da ka yi a shagon nan ina ganinsa har yanzu. Ba ka faɗa da magana ba. Ka gaida Jayesh, ka tambayi tsohuwarsa da ciwon gwiwarta, ka karɓi shayi ka sha. Ka juya ka gaida ƙanin Maman Jun da sunkuyawa, ka ce ba za ka ɓata masa lokaci ba. Sannan ka zura hannu can ƙasan buhu, ka ɗebo, ka zuba wa kowa kaɗan a tafin hannu, ka ce, "Kawu, don Allah mu tauna tare." Kowa ya tauna. Na ga fuskar Jayesh ta sauya, ya fita waje ya tofar. Ya dawo ya kira yayansa ta bidiyo, ya yi ta zuba yarensu kamar ana kaɗa gwangwani, yana nuna masa buhun. Da ya gama ya juyo gare ni, idonsa ya yi ja, ya ce, "Mama, me ya sa ba ki faɗa mini ba? Ni da bakinki na dogara. Da kin ce babu kyau, da tuni na mayar." Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ƙanin Maman Jun ya sunkuya ya ce shi ma da laifinsa, ya kamata ya yi magana.

Kai kuwa ba ka bar kowa ya daɗe a cikin kunya ba. Ka ce abin da ya wuce ya wuce, daga yau duk buhun da ya zo a buɗe shi a gaban mai saye da mai sayarwa, a ɗebo daga ƙasa da tsakiya, kowa ya tauna, in da magana a yi ta a nan kafin buhu ya bar shago. Jayesh ya ce khalas, ya yarda. Wayar tana hannunsa ba a kashe ba, sai muka ji yayansa daga Gujarat yana tambaya, wane ne wannan yaron?

A mota ban ce maka komai ba. Da muka iso gida na ce wa Hauwa, a gabanka, ta gaya wa yayanta ya rage rawar kai a gaban manya. Wannan ka ji. Abin da ba ka ji ba shi ne na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na yi sujada na gode wa Allah, na kira kakarka a Maigatari na ba ta labari tun daga farko, da na kai ƙarshe na sake komawa farko. Ta ce, "Ke, ɗan fari ne fa kike yabo haka, ba kya jin kunya?" Na ce ai ba ya ji.

Shawarata a nan ba mai tsawo ba ce, don kai ka koya mini ita. Inda za ka, ba buhu biyu ko uku ba ne, kwantena ce, kuma in ta hau teku ba mai wanke ta a baranda. Za su karɓe ka hannu biyu, za su ciyar da kai, matar maigidan za ta ce kai ɗanta ne. Wata rana za a kawo kaya masu maƙaƙi, jirgi yana jira, mutumin da ka ci abincinsa yana murmushi yana cewa lamba ɗaya ne ko. Jinina yana jikinka, zai ce maka ka haɗiye. Kada ka haɗiye. Ka faɗa masa a ranar, da ladabi, kai da shi, kafin a rufe ƙofar kwantena. Injinan gwaji suna nan, ka yi aiki da su, ai don su ka yi karatu, amma ka jefa a bakinka ma. Haka in mutanen Busan suka kushe kaya masu kyau don su rage farashi, su ma ka faɗa musu. Albashinka daga Gujarat zai fito, amma ranar da Busan ta daina yarda da bakinka, Gujarat ma ba ta da sauran amfani da kai.

Sabon riɗi ya iso kafin a fara gasa. Ka tuna ranar da Koriya ta kara da Ghana? Gidan abincin nan ba wurin sa ƙafa, jajayen riguna har bakin titi, ƙamshin man riɗi yana tare mutane tun daga kwana. 'Yan'uwanmu na Zangon Ghana sun cika jirgin ƙasa na metro da ganguna, ni bakina yana wajensu, man da na zaɓa yana cikin kwanon abokan karawarsu. Jayesh kuwa, da yake ƙasarsa ba ta zo gasar ba, ya sa jar riga ya ɗaura ƙyallen Ghana a wuya. Na ce, "Jayesh, kai wa kake goyon baya?" Ya ce, "Mama, duk wanda ya ci, gobe zai ci abinci." Na tsaya a bakin kicin ɗin ina kallon riɗin Indiya yana shiga cikin mutanen Koriya a ƙasar Larabawa, na ce a raina da hannun 'yar Maigatari a ciki, da bakin ɗanta. Na ji daɗi irin wanda ban taɓa ji ba tun da na zo ƙasar nan.

Abbanku yana ce mini abin ya fi riɗi nisa. Wai ƙananan motocin Koriya da ke yawo a titunan nan, da yawansu a Indiya aka haɗa su, wayoyi ma haka. Waɗannan su aika injina da ƙarfe, waɗancan su aika zare da kayan gona da abin da masana'anta ke ci. Ni ban san lissafinsu ba. Abin da na sani, duk girman cinikin, a ƙarshe mutum biyu ne, ɗaya yana son a zauna ɗaya yana son a tashi, kuma suna bukatar wanda dukansu za su yarda da shi. Ka buɗe ido ka koyi yadda suke gyarawa da aunawa da ɗaurewa. Riɗin kakanka ya daɗe yana tafiya teku ba mu san inda yake sauka ba. Ina so wata rana a ce ga ɗanmu can ya san hanyar tun daga gona har tukunya, ya dawo ya nuna wa mutanen gida.

Sauran ƙanana ne, amma ka riƙe. Sallarka kada ta zama abin da kake ɓoyewa, kada kuma ta zama abin da kake tsokanar mutane da shi. Ka gaya musu tun ranar farko lokutan da za ka tashi, za su saba. A Gujarat da yawansu ba sa cin nama, kada ka shiga musu kicin da kilishin da zan sa maka a jaka, ka ci abinka a ɗakinka. In aiki ya kai ka Koriya za su gayyace ka cin abinci bayan an tashi, a can suke ƙulla zumunci. Ka je, amma ka faɗa tun kafin a zauna cewa ba ka shan giya ba ka cin alade, kada ka bari sai an zuba sannan ka fara noƙe-noƙe irin nawa. In babba ya miƙo maka abu, ka karɓa da hannu biyu. Kada ka kira wanda ya girme ka da sunansa gatsal, wannan kam ba sai an koya wa Bahaushe ba. In an aiko maka da kwano, kada ya koma wayam. Ka riƙa kiran Abbanku, shi ma ba zai ce yana kewarka ba, amma zai riƙa zagaya ɗakinka yana cewa wai na'urar sanyi yake dubawa.

Saura magana ɗaya. Wata rana muna soya riɗi, Maman Jun ta tambaye ni, tunda kai ne babba, me ya sa ake ce mini Maman Hauwa? Na yi mata bayani cewa a wajenmu uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta zama ta yi ta hira da shi. Haka uwata ta yi wa yayana, haka tata uwar ta yi. Ba ƙi ba ne, abin da ya fi girma a zuciya shi ake rufewa. Ta daɗe tana juya riɗi, sannan ta ce, "Shi ya san haka?" Na ce ya sani mana, ai Bahaushe ne. Na manta a nan ka girma, cikin 'ya'yan Indiyawa da uwayensu ke rungume su a ƙofar makaranta suna kiran sunansu da ƙarfi. Kai kuma taka uwar ta ce "kai", ta ce "wannan yaron", ta aika Hauwa ta kira yayanta.

Ba zan ce al'adar iyayena kuskure ce ba, da ita aka raine ni kuma ban ga ta rage ni da komai ba. Gobe in ka fito karin kumallo, kada ka sa ran zan canza, "kai" ɗin nan dai za ka ji. Amma na ga abin da shiru ya kusa yi wa cinikin Jayesh, ba kuwa zan zauna ina kallo ya yi wa ɗana haka ba. Ranar da ka shigo kicin ka ce an ɗauke ka aiki, ban juyo ba ne don hawaye ya cika mini ido, kuma miyar da nake ta juyawa tuni ta nuna. Ban taɓa alfahari da wani abu a duniya kamar yadda nake alfahari da kai ba. Ka ɗauki waya yau ka ce musu kana zuwa. Na yarda, na sa albarka, da zuciya ɗaya.

Allah ya kai ka lafiya, ya sauke ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a Gujarat da Busan da duk inda jirgi ya kai ka. Allah ya tsare maka imaninka da lafiyarka da harshenka, ya sa gaskiya ta yi maka sauƙin faɗa. Ya dawo mana da kai muna raye, ka same mu cikin alheri. Amin.

In ka gama karantawa kada ka zo ka tsaya mini a kicin kana kallona, ba zan juyo ba. Ka ninke takardar ka sa a jakarka.

Wassalam. Ni ce,

Maman Nafi'u